Wanda Ya Tuɓe Takalmi a Gindin Ɗorawa

Sai da suka kwana biyu suna tattake ƙasa sannan suka tuna da ni. Haka mutanenmu suke. In saniya ce ta ɓata, tun kafin rana ta fito an zo an buga mini ƙofa, an kuma hana kowa kusantar turken. Amma da tsohuwa ta ɓata a Garin Dinya, sai gari ya ɗunguma nema, maza da mata da yara, kowa da sandarsa, suka bi ta kan duk wani sawu suka dagula shi. Ranar Laraba da hantsi aka neme ta aka rasa. Ni kuwa sai safiyar Juma'a aka turo mini babur har garinmu Sundimina.

Sunana Maikano. Na fi shekara talatin ina bin sawun ɓarayin shanu da awaki, kuma ban yi suna wajen haƙuri ba. Tun a kan babur na fara faɗa, ban gama ba har muka isa ƙofar gidan.

Na tarar da mutane maƙil, kowa da ɓarawonsa a baki. Wasu na cewa masu satar mutane ne, wasu na cewa Fulanin bayan gari ne. Mata kuwa ba su cewa komai da ƙarfi, sai dai su kalli cikin gida su taɓe baki. Mai unguwa ya ja ni gefe.

"Inna Hapsatu ce," in ji shi. "Ta haura tamanin. Shekara huɗu ke nan gigin tsufa ya kama ta, ba ta gane kowa. An kai ta babban asibitin Birnin Kudu, likita ya ce ba ciwo ba ne da allura za ta warkar, a koma da ita gida a kula da ita. In an bar ƙofa a buɗe ficewa take yi, shi ya sa ake zura ƙusa ta waje. To ranar Laraba an zo an tarar an zare ƙusar, ɗaki ba kowa."

"An yar da ƙusar ko an ajiye?"

"An ajiye ta a kan taga."

"Wa ke jinyarta?"

"Sa'adiyya, matar autanta Zulkifli. Ita ce ta zura ƙusar ta tafi wanki. Kuma ita ake zargi."

Muna cikin haka sai ga Zulkiflin, malamin makaranta ne a Birnin Kudu, sai ƙarshen mako yake zuwa gida. Idonsa ya yi jawur. Ya gaishe ni a tsaye.

"Baba Maikano, in rana ta faɗi yau ba a ga Inna ba, 'yan sanda zan kira. Ita kuma waccan ta yi musu bayanin da ta ƙi yi mini."

A can ƙarshen katanga wani dattijo na zaune shi kaɗai, kansa a sunkuye, da silifas na roba sabo a ƙafarsa. Na tambaya, aka ce yayan Zulkifli ne, Malam Abdulsalami, manomi, gidansa na bakin gari. Shi ne ma ya hau mota jiya ya je ƙasar Gwaram, ƙauyen da aka haifi tsohuwar, ko Allah ya sa wani ya gan ta. Ya dawo ya ce ba ta can.

*

Na sami Sa'adiyya a ɗakin tsohuwar, zaune a bakin gado. Na sha shiga ɗakin tsofaffi marasa lafiya, na san warin da ke tarar mutum tun daga ƙofa. Wannan ɗakin sai ƙamshin sabulu da man kaɗanya. Ita kanta Sa'adiyyar ba ta fi talatin da biyar ba, amma ta rame, hannuwanta duk yaƙushi, tsoho da sabo.

"'Yar nan, wa ya yi miki wannan?"

"Inna ce, Baba. Ba ta son wanka."

"An ce an ji kina cewa kin gaji."

Ta ɗago ta dube ni. Na zaci za ta musa, kamar yadda kowa ke yi.

"Na faɗa. Ranar Litinin ta ɓata shimfiɗa sau uku kafin azahar. Na ce wallahi na gaji. Na yi kukana, na tashi na wanke." Ta share fuska da gefen mayafi. "Baba, a kai ni wajen 'yan sandan, ban damu ba. Amma a nemo ta tukuna. Ba ta ci ba ta sha a hannun kowa sai nawa. Ta manta yadda ake haɗiya. Sai na zauna a bayanta na jingina ta a ƙirjina, ina ɗiga mata da cokali, ina shafa mata maƙogwaro, sannan ya wuce. In wani ya kai mata cokali datse haƙora take yi. Yau kwana uku ke nan."

"Maigidanki ya san haka?"

"Malam ya san tana cin abinci. Bai san yadda ake ba ta ba. Maza ba su shigowa lokacin."

"Me take yawan faɗa?"

"Magana ɗaya ce kullum. A kai ta gidansu, ta baro jariri yana kuka."

Na fito raina a jagule. Na zo neman ɓarawo, ashe lokaci ne babban abokin gabana. Tsohuwa 'yar tamanin, kwana uku ba ruwa, ba sai an yi wa mutum lissafi ba.

A tsakar gida maƙwabciyarsu Murja ta tare ni, ita ce mai kunnen da ya ji "na gaji". Ta rage murya, wai sirri za ta ba ni, alhali duk gari ya riga ya ji.

"Baba, gobe Asabar fa aka shirya za a kai tsohuwar gidan wani mai magani, inda ake sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa. Malam Zulkifli ne ya ce a gwada, tunda asibiti sun sallama. To ita Sa'adiyya aka ce za ta bi ta can ta zauna da ita wata uku. Kai ma ka san..."

"Ban sani ba. Ke sau nawa kika kama mata wankin zannuwan nan a shekara huɗu?"

Ta ja mayafinta ta kau da kai.

"To matsa in wuce."

*

Ƙofar gida ba ta da sauran abin karantawa, an mayar da ita kamar masussuka. Na zaga ta baya. Akwai wata 'yar kafa a jikin danga inda ake bi a shiga gonar dawa. An yi ruwa daren Talata, bai kuma sake sauka ba, don haka ƙasar da ke ƙarƙashin dawar tana nan da danshinta. Masu nema ba su shiga nan ba, don sun ce tsohuwar da ko rijiya ba ta iya kaiwa ba za ta kutsa cikin dawa ba.

A kunya ta uku na gan ta. Ƙafa ce ƙarama, ba takalmi, tana jan ta hagu. A bayanta kuma sawun namiji, da takalmin taya.

Kuskuren da na yi shi ne na faɗa da ƙarfi. Samari biyar suna biye da ni duk da na kore su, da jin "takalmin taya" sai suka ce ai shi ke nan, Sada ne. Sada Bafulatani ne mai kiwo a bayan gari, kuma gaskiya shanunsa sun ratsa ta gefen gonar, ga kofatonsu nan. Kafin in ɗago, biyu sun ruga gari, wai za a je a ƙone masa ruga.

Dole na bar sawu na bi su, ina zaginsu a hanya. Muka tarar da Sada a tsaye a gaban bukkarsa, iyalinsa a bayansa, shi da sandarsa a kafaɗa.

"Sada, taka nan," na ce, na nuna masa inda ƙasa ke da laushi.

Ya taka. Na kira samarin.

"Ku duba da idonku, in kuna da shi. Wannan doguwar ƙafa ce, dunduniyarsa ta cinye ta waje. Wancan gajere ne mai faɗi, manomi ne, yana dasa ƙafa kamar mai riƙe da garma. Rabin mazan garinku takalmin taya suke sawa zuwa gona. Ubanka ma shi yake sawa, in je in kama shi?"

Suka watse suna ƙunƙuni. Sada ya bi ni da ido, sannan ya ce, "Baba, ranar Laraba na hango mutum biyu daga nesa suna gangarawa rafi. Na ɗauka mai gona ne da tsohuwarsa. Ba su yi kama da masu gudu ba."

Wannan shirmen ya ci mini fiye da awa guda, har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

*

Na koma cikin dawa ni kaɗai. Tun daga nan abin ya fara ɗaure mini kai.

Na bi sawun ɓarayi da yawa. Mai satar abu mai rai ko dai yana gaba yana ja, ko yana baya dab da shi yana kora. Mai taimakon tsoho kuma a gefensa yake tafiya, kafaɗa da kafaɗa. Wannan mutumin ba ya cikin ko ɗaya. Yana bayanta da taku bakwai ko takwas, kuma ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta hau kan sawunta ba. In ta karkace ya karkace, in ta tsaya ya tsaya. Ita ce ke jan tafiyar.

Bayan gonar akwai wata ɗorawa. A gindinta tsohuwar ta zauna, ga shatin zamanta, ga inda ta yi ta wasa da ƙasa da yatsa. Na nemi inda shi ya zauna. Ba a inuwar ba ne. Can gefe, a cikin rana, na ga takalman biyu an jera su a ajiye, shatinsu bai nutse ba, alamar babu nauyin mutum a kansu. Kusa da su kuma ga tafin ƙafa biyu tsirara, yatsu sun nutse, dunduniya a ɗage. Tsugunawa ya yi. Bai kuma fuskance ta ba, gefe ya juya.

Na daɗe a tsugune ina kallon wurin. A babban yatsan ƙafarsa ta dama akwai tsagi, irin na tsohon saran fartanya da ya warke a rabe.

Sau uku ta huta kafin rafi, sau uku ya tuɓe takalmi ya tsuguna a rana. Babu mai ganinsa a dajin nan, ita ma ba ta san wanda ke bayanta ba, amma bai fasa ba.

A gangaren rafi ta faɗi. Ga gwiwoyinta, ga tafin hannunta a laka. Shi kuwa sawunsa ya nuna ya rugo taku uku, ya tsaya, ya koma baya, ya sake matsowa, ya sake tsayawa. Ƙasar wurin duk ya dagula ta da kai-kawo. Daga nan sawunta ya ɓace. Nasa ne kaɗai ya haura tsallake, ya kuma nutse ninki biyu. Goya ta ya yi. Haka ya tafi da ita har bakin kwalta, inda motocin Gwaram ke wucewa, a nan ƙasa ta daina magana.

Na zauna a bakin titin. Na saba in gano mutum in ji daɗi. Ranar ban ji ba.

*

Na dawo ana saukowa daga masallacin Juma'a. Na sami mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, tsohuwar nan tana da suruki namiji?"

"'Ya'yanta mata biyu ne, duk sun rasu tun suna ƙanana. Maza biyu suka rage."

"Wane ne ɗan farinta?"

"Abdulsalami. A gidan iyayenta ta haife shi, can ƙasar Gwaram. Da aka yaye shi baffansa ya ɗauke shi. Ai irin matan da ne, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Na tashi na gan su a garin nan, ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce 'wancan'. In ya shigo gaishe ta, daga bakin ƙofa yake tsugunawa, ita kuma ta juya baya ta amsa wa bango. Me ya sa ka tambaya?"

"A tara mini su a ƙofar gidanka yanzu. Kar a jira la'asar."

Kafin su iso na sa aka shimfiɗa tabarma, na karɓi buta na yayyafa ruwa a ƙasar da ke gabanta, wai don kwantar da ƙura. Suka zo ɗaya bayan ɗaya: Zulkifli, Malam Abdulsalami, Sada, da dattawan unguwa. Sa'adiyya da Murja suka tsaya daga zaure. Kowane namiji ya tuɓe takalminsa, ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya hau tabarma. Ni ina tsugune ina kallon ƙasa kamar mai jin kunya.

Na ga abin da nake nema. Da ma ban so in gan shi ba.

"Sa'adiyya ba ta fita da Inna ba," na ce. "Babu sawunta ko ɗaya a hanyar da Inna ta bi. Sada ma ba ruwansa. Namiji ne ya zare ƙusar, kuma ba ɓarawo ba ne, don ɓarawo ba ya ajiye ƙusa a kan taga."

"To wane ne?" in ji Zulkifli.

"Malam Zulkifli, in kai ne ka ga Inna ta zauna a gindin bishiya, ina za ka zauna?"

"Kusa da ita mana. Uwata ce."

"Haka ne, kai auta ne, a cinyarta ka girma. Wanda ya bi ta bai iya zama a inuwa ɗaya da ita ba. Sau uku yana tuɓe takalmi yana tsugunawa a rana. Da ta faɗi a rafi, sai da ya yi ta kai-kawo kafin ya iya sa hannu a jikinta. Takalmin taya ana iya ɓoye shi a sayi silifas. Amma da bai tuɓe ba, da har gobe ban san shi ba."

Na nuna ƙasar gaban tabarma, inda tsagin babban yatsa ya fito sarai.

Idanu duk suka koma kan mai sabon silifas. Malam Abdulsalami bai ɗago ba. Mutum ne mai shekara sittin da wani abu, gemunsa fari fat, sai ga hawaye yana bin gemun yana ɗiga a kan rigarsa.

"Tana gidan Gwaggo Jummai," ya ce. "A ƙauyensu, Kafin Maje."

"Yaya!" Zulkifli ya miƙe. "Kai? Kai da ka je jiya ka dawo ka ce ba ta can?"

"Na yi ƙarya. Allah ya yafe mini."

"Kana zaune ana cewa matata ta kashe ta!"

"Na ce in Asabar ta wuce zan faɗa," in ji Malam Abdulsalami. "Ranar da kuka yanke maganar mari, ina wurin. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban iya buɗe baki ba. Yaushe na taɓa sa baki a maganarta? Amma ban iya barci ba, Zulkifli. Ƙafar nan tata, da ƙarfe."

Ya ja numfashi.

"Ranar Laraba na zo gaishe ta ta baya, kamar kullum. Sai na ji tana kankarar ƙofa tana kira. Sunana take kira. Shekara sittin da uku ban taɓa jin sa a bakinta ba. Na zare ƙusar. Ta fito ta wuce ni, ko kallona ba ta yi ba. Ba ni take nema ba, jaririn take nema. Sai na bi ta."

"Da ka goya ta fa?" na tambaya, ban san me ya sa ba.

"Ba ta da nauyi ko kaɗan. Muna haurawa ta ce mini, 'Bawan Allah, kana da kirki. Ɗan wane gida ne kai?' Na kasa amsawa. Ta ce, 'Uwarka ta dace.'"

Dattawan duk suka sunkuyar da kai. Shi kansa Zulkifli ya koma ya zauna.

Sai muryar Sa'adiyya daga zaure, ba ta ko nemi izini ba.

"Yaya Babba, ta ci wani abu?"

"Gwaggo ta ce ta ƙi karɓa. Na ce a bar ta, in ta ji yunwa za ta ci. Jiya na leƙa daga ƙofa, tana kwance shiru, ba kuka ba kira. Na ce alhamdu lillahi, ta samu natsuwa."

"Ruwa fa?"

Ya dube ta, bai gane ba.

"Ba ta iya haɗiya, Yaya! Ba natsuwa ba ce!"

Na ga lokacin da maganar ta shige shi. Shekara huɗu yana zuwa gaishe ta kowace safiya, daga bakin ƙofa, bai taɓa ganin yadda ake ba ta abinci ba.

*

Mai unguwa ya samo mana mota. Kafin direba ya juyo da ita, Sa'adiyya ta ruga gida ta damo koko mai ruwa-ruwa, ta zuba a kwano mai murfi, ta naɗe da zane, ta soke cokali a ɗaurin ƙugunta. A mota ta rungume kwanon a cinya. 'Yan'uwan biyu suna baya, kowa na kallon tagarsa. Sau ɗaya Zulkifli ya kira sunanta a hankali, ba ta waiwaya ba.

Daga kwalta muka sauka hanyar burji, muka yi ta tafiya cikin gonakin gyaɗa da riɗi. Wani mai babur ya wuce mu a guje ya nufi inda muka fito. Daga baya muka ji ɗan aike ne, mu aka tura shi ya kira.

Kafin Maje gida bai fi goma sha biyar ba. Tun daga nesa na hango maza zaune a tabarmi a ƙofar wani gida, ga makara jingine da katanga. Direba ya rage gudu ba tare da an ce masa ba. Zulkifli ya fara salati. Malam Abdulsalami ya buɗe ƙofa tun motar ba ta gama tsayawa ba, ya sauka, ya yi taku biyu, ya durƙushe a wurin.

Gwaggo Jummai ta fito zaure. 'Yar ƙanin mahaifin marigayiyar ce, ita ma ta tsufa, hannuwanta a jiƙe har gwiwa.

"Bayan azahar ne," in ji ta. "Ba ta sha wuya ba. Mun yi ta ɗiga mata ruwa yana dawowa. Na yi mata kalmar shahada a kunne, leɓenta ya motsa. Mun gama wanka yanzu, ku muke jira."

Ta bi mu da kallo ɗaya ɗaya.

"Wace ce ke jinyarta?"

Sa'adiyya na tsaye a jikin mota da kwanonta. Zulkifli ne ya ɗaga hannu da ƙyar ya nuna ta.

Tsohuwar ta tako har gabanta.

"Shekara arba'in ina wanke mata a ƙasar nan, 'yata. Na wanke tsofaffin da suka yi wata biyu kacal a kwance, bayansu duk ya kwaile. Wannan aka ce mini shekara huɗu. Na juya ta, na duba ko'ina, ko ƙurji ɗaya babu. Farcenta a yanke, kanta da kitso. Na ce wa matan nan, duk wadda ta yi wannan aikin, ku nuna mini ita in ga fuskarta."

Zulkifli ya rufe fuska da hularsa. Ni ma na kau da kai, don ba na son a ga mai bin sawu yana kuka.

Sa'adiyya ba ta ce na gode ba. Ta dubi kwanon da ke hannunta.

"Gwaggo, da ɗuminsa fa."

"Na sani, 'yata."

"Ta neme ni?"

Gwaggo Jummai ta dube ta. Na so ta yi mata ƙarya, wallahi na so. Amma ba irin matan da ke yi ba ce.

"Daren jiya da safiyar yau tana ta waige-waige, duk wadda ta shigo sai ta leƙa fuskarta ta kau da kai. Ba mu san wa take nema ba."

Sa'adiyya ta gyaɗa kai. Ta miƙa mini kwanon, don ni ne na fi kusa da ita, ta gyara mayafinta.

"Baba, riƙe mini. Kar a rufe fuskar tukuna, bari ta ga na zo."

Ta bi bayan Gwaggo Jummai suka shiga ciki.